Yadda Ɗalibin Sakandare Zai Zaɓi Inda Zai Karanci Kimiyyar Kwamfuta

Duk shekara idan aka buɗe rajistar JAMB, je ka tsaya a bakin wata cibiyar rajista ka saurara. Yaro ya sha layi tun safe, ya zauna gaban mai cike fom, a tambaye shi, "Wane kwas?" Ya ce, "Kwamfuta." A ce, "Wace jami'a?" Sai ya waiwaya ya dubi abokinsa, ko ya kira yayansa a waya, ko kuma mai cike fom ɗin ya zaɓa masa don layi ya motsa. Cikin minti biyu an yanke shawarar da za ta ci masa shekara huɗu ko biyar, ta ci kuɗin da iyayensa suka tara da gumin goshi. Abin yana damuna ƙwarai, domin yawancin tambayoyin da ya kamata yaron ya yi ba kuɗi suke buƙata ba, lokaci kawai suke so da wanda zai nuna masa hanya.

Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma ƙanwata, har da ke nake. Iyaye ma su biyo mu, akwai wuraren da aikin nasu ne.

Mataki na farko: gwada kanka kafin ka gwada jami'a

Kimiyyar kwamfuta ba koyon buga takarda ba ce, ba gyaran waya ba ce, ba kuma iya sarrafa Facebook ba ce. Duk waɗannan sana'o'i ne masu amfani, amma ana koyonsu cikin watanni a cibiyar horo ko a shagon maigida. Abin da za ka tarar a jami'a shi ne lissafi tun daga aji ɗaya, da fiziks, sannan darussa kan yadda ake tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, wato algoridim, da yadda ake jera bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura don a same su da sauri, da rumbun bayanai, da yadda babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta take raba aiki, da yadda kwamfutoci ke magana da juna a kan intanet. Akwai darussan da za ka yi zango guda da biro da takarda kawai, kana kafa hujja a kan cewa wata hanya ta fi wata sauri.

Saboda haka tun kana SS1 ko SS2, ka ware hutu guda ka gwada. Ka fara da yaren Python, shi ne mafi sauƙin shiga ga sabon hannu. In babu kwamfuta a gida, akwai manhajar Pydroid da ke aiki a wayar Android, akwai kuma darussan CS50 na Jami'ar Harvard da ake kallo kyauta. Kada ka tsaya a kallo. Ka ba kanka ƙaramin aiki na gaske: rubuta shirin da zai karɓi makin 'yan ajinku, ya fitar da jimilla, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ko wanda zai lissafa wa shagon babanka cinikin mako.

Shirin ba zai yi aiki a karon farko ba. Nan ne gwajin yake. Za ka zauna awa biyu kana neman kuskure, daga ƙarshe ka gano waƙafi ɗaya ka manta. Ka lura da zuciyarka a wannan lokacin. In ka ji wani daɗi ya ratsa ka da abin ya tashi, har kana son ƙara masa wani abu, to alama ce mai kyau. In kuwa mako huɗu sun wuce kana jin kamar ana yi maka horo, ka saurari wannan ma. Ba gazawa ba ce, kuma gara ka sani yanzu da ka sani a aji biyu bayan ka tara darussan da ka faɗi.

Sai maganar lissafi. Ba sai ka zama zakaran aji ba, amma in kana ɓuya duk ranar da malamin lissafi zai shigo, ka gyara tsakaninku tun yanzu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na biyu: rarrabe sunayen kwasa-kwasan

A da suna ɗaya ake ji. Yanzu kuwa hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, a sabon tsarin manhajar karatu da ta ƙaddamar a Disambar 2022 mai suna CCMAS, ta ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa da digiri daban-daban a ƙarƙashinsa. A kundin JAMB da Turanci za ka gan su, shi ya sa zan kawo sunayen yadda suke a rubuce.

Computer Science shi ne uwa. Ya fi sauran zurfi a lissafi da ka'idoji, kuma daga shi ana iya juyawa kusan ko'ina. Software Engineering ya fi karkata ga yadda ƙungiyar mutane ke gina babbar manhaja, su gwada ta, su ci gaba da kula da ita shekara da shekaru. Cybersecurity tsaron na'urori da bayanai ne daga masu kutse. Data Science ya jingina da ilimin ƙididdiga sosai, wanda ba ya son alƙaluma kada ya kusance shi. Information Technology da Information Systems sun fi kusa da girka na'urori da manhajoji a ma'aikata da kula da su, lissafinsu kuma bai kai na uwar nauyi ba.

Computer Engineering kuwa gidansa daban. A tsangayar injiniya yake, shekara biyar ake yi, rabinsa lantarki ne da haɗa sassan na'ura, yana buƙatar kemistiri, kuma bayan NUC sai hukumar injiniyoyi ta COREN ta amince da shi. Yara da yawa suna zaɓarsa don kalmar injiniya ta burge su, sai sun shiga su tarar ba abin da suke so ba ne.

Ra'ayina shi ne, in ba ka da tabbacin reshen da kake so, ɗauki uwar. Yaro ɗan shekara 16 ko 17 da wuya ya san ko tsaron intanet ne zai dace da shi har tsawon rayuwa. Wanda ya samu tushe mai ƙarfi zai iya ƙwarewa a tsaro ko ƙirƙirarriyar basira daga baya, a digiri na biyu ko a wurin aiki. Akwai kuma wani dalili: wasu jami'o'i sun buɗe sababbin sassan nan da sauri saboda sunan yana jawo ɗalibai, alhali malaman tsohon sashen ne aka rarraba. Ba duka ba, amma dole ka bincika.

Na san tambayar da ke ran wasu: tunda ChatGPT da ire-irensa suna rubuta manhaja, me ya rage? Abin da ya rage shi ne mutumin da zai gane ko abin da na'urar ta rubuta daidai ne, ko zai jure mutum dubu ɗari a lokaci guda, ko ya bar ƙofa a buɗe ga ɓarayi. Wannan ganewar daga tushen nan take fitowa, kuma ita ce hujjar zaɓar wurin da ake koyar da tushen da gaske.

Mataki na uku: daidaita darussanka tun daga sakandare

Wannan gajere ne amma a nan ake yawan faɗuwa. Galibin jami'o'i suna neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, sauran biyun daga darussan kimiyya, a zama ɗaya ko biyu. A jarrabawar UTME, wato ta shiga jami'a da JAMB ke shiryawa, kuma darussa huɗu ne, jimillar maki 400: Turanci dole, lissafi, fiziks, sai na huɗu wanda kemistiri ya fi zama lafiya a kusan ko'ina. Kiredit a darasin kwamfuta na sakandare yana da kyau, amma ba ya maye gurbin fiziks. In makarantarku tana koyar da ƙarin lissafi, wanda ake kira Further Maths, ka ɗauka, za ka gode wa kanka a aji ɗaya.

Kowace jami'a tana da nata ƙarin sharuɗɗa, kuma suna cikin kundin JAMB da ke shafinta na IBASS. Ka buɗe da kanka ka karanta layin jami'ar da kake so. Kada ka dogara da "an ce".

Sannan ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da WAEC da JAMB. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari a wata takarda babu shi a wata, ƙaramin abu ne yau, amma yana iya tsayar da kai ranar tantancewa ko ranar tafiya bautar ƙasa.

Mataki na huɗu: tabbatar da cewa hukuma ta san da kwas ɗin

Amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Jami'a tana iya zama halastacciya amma wani kwas nata bai samu izini ba. NUC tana tantance kowane kwas ta ba shi ɗaya daga matsayi uku: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ta wucin gadi ta shekara biyu, ko kuma hanawa, wadda ke nufin a daina ɗaukar sababbin ɗalibai. Ana duba wannan a shafin hukumar, kuma kana da haƙƙin tambayar sashen kai tsaye: yaushe aka tantance ku, wane matsayi kuka samu? Sashen da ya samu cikakkiya da alfahari zai faɗa maka. Hukumar tana kuma fitar da jerin haramtattun jami'o'i lokaci zuwa lokaci. Wanda ya yi kwas marar izini yana iya gamawa a hana shi zuwa bautar ƙasa, wato NYSC.

Iyaye masu niyyar tura yaro waje, a nan sai an yi taka-tsantsan. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya yi basaja ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida. Waɗanda suka yi karatun gaske a can ma abin ya shafe su. Kafin a biya dillali ko sisi, a tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko ta san da makarantar. A kuma duba zaman lafiyar ƙasar. Ba mu manta da yadda aka kwaso ɗalibanmu daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 ba, da yawansu karatu ya tsaya musu a tsakiya.

Mataki na biyar: je ka gani da idonka

In da za ka yi mataki ɗaya kawai cikin duk waɗannan, wannan zan ce ka yi. Sunan jami'a ba shi zai koya maka komai ba, sashen ne zai koya maka. Jami'a tana iya yin fice a likitanci ko shari'a, sashenta na kwamfuta kuwa yana fama. Wata ƙarama da ba a cika jin sunanta ba tana iya samun malamai matasa huɗu ko biyar masu himma da suka mayar da sashen wurin koyo na gaske.

Ka fara da rubuta jami'o'i biyar ko shida da za ka iya zuwa. A Arewa akwai zaɓi da yawa: Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Jami'ar Bayero a Kano wadda ke da tsangaya sukutum ta kwamfuta, Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna da ta daɗe da sashen tsaron intanet, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Modibbo Adama a Yola, Jami'ar Maiduguri, da na jihohi irin su ta Aliko Ɗangote a Wudil da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da ta jihar Kaduna. Cikin masu zaman kansu akwai Jami'ar Amurka ta Najeriya, AUN, a Yola, da Nile da Baze a Abuja, da Al-Qalam a Katsina. Ban jera su bisa fifiko ba, kuma da gangan ne, domin halin sashe yana canzawa cikin shekara biyu ko uku in malamai suka tafi ko suka dawo daga ƙaro karatu. Labarin da yayanka ya ba ka na shekara takwas da suka wuce ya tsufa.

Daga nan ka rage su zuwa uku, ka shirya ka je, a ranar karatu ba ranar hutu ba. Zuwa da kai ya fi aike. In ke ce, ki tafi da yayanki ko babanki ko wata yaya da ke makarantar. Ba a hana kowa shiga ya gaisa ya yi tambaya. Ka nemi ɗaliban aji uku da aji huɗu, su ne suka san gaskiya, kuma ba su da abin sayarwa. Ofishin ƙungiyar ɗaliban kwamfuta, NACOS, wuri ne mai kyau na farawa. Ka gaishe su da ladabi, ka ce kai ɗan sakandare ne mai son shigowa. Za ka sha mamakin yadda za su sake da kai.

Ga abin da za ka tambaya. Ku nawa ne a aji? Darasin rubuta manhaja da mutum ɗari huɗu ke ɗauka a babban zaure ba ɗaya yake da na mutum sittin ba. Sau nawa kuka shiga ɗakin kwamfuta a zangon da ya wuce? Kada ka tambaya ko akwai ɗakin, kowa yana da shi, tambaya ita ce ko ana buɗe wa ɗalibai, kwamfutoci nawa ne ke tashi, kuma in an ɗauke wuta akwai sola ko janareta. Aikin gida fa, a kwamfuta ake yi a miƙa malami ya gwada ya ga yana aiki, ko a takarda ake rubutawa? Jarrabawa a takarda ba laifi ba ce, ana yin ta a manyan jami'o'in duniya, amma in ɗalibi zai kai aji uku bai taɓa miƙa shiri mai aiki ba, akwai matsala babba.

Ka tambayi yarukan da ake koyarwa. In ka ji Python ko Java ko C++, lafiya. In tsofaffin yaruka kaɗai ake yi daga handawut ɗin da aka buga shekara goma sha biyar da suka wuce, ka yi tunani. Ka roƙi wani ya nuna maka jadawalin darussan sashen daga aji ɗaya zuwa na ƙarshe. Tsarin CCMAS ya tsayar da kashi 70 cikin ɗari na darussa daga NUC, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ta ga dama. A cikin wannan kashi 30 ɗin ne za ka ga hankalin sashen: ko sun sa abubuwan zamani da suka dace da ƙwarewar malamansu, ko sun cike gurbi kawai.

Sai SIWES, wato horon sanin makamar aiki da asusun ITF ke kula da shi, wanda galibi wata shida ne. Ka tambaya: ina 'yan ajinku suka yi nasu? In amsar ita ce kamfanonin manhaja, bankuna, kamfanonin sadarwa, ko hukumomi irin su NITDA da Galaxy Backbone, madalla. In kuwa yawancinsu a shagon buga takardu suka zauna suna jiran a sa musu hannu a littafi, to sashen ba shi da alaƙa da masu ɗaukar aiki. Wata shidan nan sau da yawa su ne ƙofar aikin farko.

Ka leƙa ayyukan kammalawa na 'yan ajin ƙarshe, ana ajiye su a sashe ko a laburare. In ka ga take iri ɗaya yana ta maimaituwa shekara bayan shekara, sunan makaranta ko asibiti kawai ake canzawa, ka san ba a matsa wa ɗalibai su yi tunani. Ka kuma sa sunayen malaman a Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen bincike, ka ga ko suna bincike har yanzu. A ƙarshe ka yi tambayar da ta fi kowace: waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce, me suke yi yanzu? In ɗalibai suka fara lissafo maka su da wuraren aikinsu ba tare da dogon tunani ba, ka samu amsa.

Abu ɗaya da ba ya cikin jadawali amma yana da nauyi: abokan tafiya. Mafi yawan abin da ɗalibin kwamfuta ke iyawa, a wajen aji yake koyonsa, da dare, tare da abokai. Ka duba ko akwai ƙungiyoyin masu rubuta manhaja a makarantar, ko ana shirya gasa da bita, ko garin yana da cibiyoyin fasaha irin su CoLab a Kaduna ko CITAD a Kano. Akwai kuma ƙungiyoyin da ake shiga ta intanet daga ko'ina, kamar Arewa Data Science Academy, da HausaNLP masu aikin koya wa na'ura harshenmu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

In nisa ko kuɗin mota ya hana ka zuwa, ka nemi lambar ɗalibai biyu daga sashen ta hannun tsofaffin ɗaliban makarantarku, ka yi musu tambayoyin nan a waya. Biyu, ba ɗaya ba, don ka gwada maganarsu.

Mataki na shida: zauna da iyaye a yi lissafin kuɗi da lokaci

A jami'o'i na gama-gari kwas ɗin shekara huɗu ne, a jami'o'in fasaha kuwa galibi biyar ne. Shekara guda ta ƙarin kuɗin makaranta da abinci da haya ba wasa ba ce, ko da yake tana zuwa da ƙarin horo. Jami'o'in gwamnati sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma akwai yajin aiki: na ASUU a 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas. Masu zaman kansu ba sa tsayawa, sai dai kuɗinsu ya ninka sau da yawa, kuma tsada ba ita ce shaidar inganci ba. Tambayoyin mataki na biyar su ma a yi musu, har ma a fi tsanantawa tunda za a biya da yawa.

A lissafa komai na shekarun gaba ɗaya, ba na shekarar farko kaɗai ba: rajista, ɗaki, abinci, mota, data. Abin takaici ne a fara a makaranta mai tsada a tsaya a aji biyu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ado ba ce a wannan kwas, kayan aiki ce kamar keke ga tela. In za a zaɓa tsakanin makaranta mai tsada babu kwamfuta da mai sauƙi da kwamfuta, ni ta biyun zan ɗauka. Ba sai sabuwa ba. Ta hannu mai Core i5, da RAM gigabayit 8, da ma'ajiya irin ta SSD, da batir mai riƙe caji, za ta kai ka har ƙarshe. A tafi da wanda ya sani ranar saye, a gwada batirin a wurin.

Ga ɗaliban makarantun gwamnati akwai bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Babu kuɗin ruwa a kansa, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana ba ɗalibi na kashewa duk wata, biya kuma yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, a karanta sharuɗɗansa a gida kafin a nema. A kuma bibiyi hukumar tallafin karatu ta jiharku.

Ga 'ya mace, a duba ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta, da tsaron hanya, da ko ɗakin karatu da wurin caji suna kusa da masauki, domin aikin nan yana cin dare. Amma ina roƙon iyaye kada a ce kwamfuta ba ta mata ba ce. Sana'a ce da mace za ta iya yi daga ɗakinta, ta yi wa kamfanin Legas ko na Turai aiki, aure ko reno bai raba ta da ita ba.

Mataki na bakwai: auna makinka da gaskiya

Kwamfuta tana cikin kwasa-kwasan da ake rububi. Mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa duk shekara ba shi ne makin shiga sashen ba, na sashen yakan fi shi sosai. Ka tambayi 'yan aji ɗaya da nawa suka shiga bara, wannan ya fi duk wani hasashe.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi, waɗanda galibin jihohin Arewa ke ciki. Ma'ana, damarka ta fi yawa a jami'ar tarayya da ke yankinku, haka ma a jami'ar jiharku. Sannan manyan jami'o'i da yawa ba sa duba wanda bai sa su a zaɓin farko ba. Don haka zaɓin farko shi ne kusan komai, kada ka ɓata shi a wurin da makinka ba zai kai ba.

Dabarar ita ce ka riƙe jami'o'i biyu a zuciya: wadda kake buri, da wadda ka tabbata za ka samu kuma ka gamsu da sashenta. In sakamako ya fito bai kai yadda ka so ba, JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas a kan ɗan kuɗi. Ka yi da wuri, kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewarta ta bayan UTME.

In ba a samu ba

Ba ƙarshen hanya ba ne. Ana iya yin karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ko na JUPEB, a shiga aji biyu kai tsaye. Ana iya zuwa kwalejin fasaha, irin ta Kaduna, a yi difloma ta ND ta shekara biyu, daga nan ko a ci gaba zuwa babbar difloma ta HND ko a nemi shiga jami'a kai tsaye in sakamako ya yi kyau. Hukumar NBTE ce ke tantance kwasa-kwasan waɗannan kwalejoji, ita za a duba.

Sau da yawa kuma jami'a takan ce babu gurbi a kwamfuta amma ga lissafi, ko ƙididdiga, ko fiziks. Kada ka raina. Wanda ya karanci lissafi ko ƙididdiga ya kuma koyi rubuta manhaja da kansa yana da ƙarfi sosai a fagen bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne karɓar kwas ɗin da ba ka so bisa alƙawarin "za ka canza a aji biyu". Canjin yana buƙatar maki mai yawa da gurbi a sashen da za a koma, kuma ba kowa ke samu ba. Ka karɓi abin da za ka iya zama da shi har ƙarshe in canjin bai yiwu ba.

Ranar cike fom da bayanta

Ka tafi cibiyar da JAMB ta amince da ita da takarda a aljihu, ka rubuta sunan kwas, da jami'o'inka bi da bi, da darussa huɗun da za ka zana. Ka yi amfani da layin waya da adireshin imel naka na kanka waɗanda ba za su ɓata ba, domin ta nan komai zai riƙa zuwa. Kafin mai cike fom ya tura, ka karanta allon da idonka, harafi bayan harafi. Computer Science da Computer Science Education ba ɗaya ba ne, na biyun a tsangayar ilimi yake, na horar da malamai ne.

Da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, ka koma a ɗora shi a shafin JAMB, in babu shi ba za a ba ka gurbi ba ko makinka nawa ne. Daga nan ka riƙa leƙa CAPS, tsarin da JAMB ke ba da gurbi ta cikinsa tun 2017. Duk gurbin da bai bi ta nan ba, ko wa ya yi maka alƙawarinsa, ko nawa aka ce ka biya, ba gurbi ba ne, kuma zai dawo ya cije ka lokacin bautar ƙasa. Idan gurbin ya fito, ka duba sunan jami'a da sunan kwas sau biyu kafin ka danna karɓa, domin bayan ka karɓa sauran makarantu sun daina ganinka a wannan shekarar. Sai ka buga takardar shaidar gurbin ta JAMB, kwafi biyu, ɗaya a jakarka ɗaya a hannun iyaye.